Me za a zuba a madadin jar giyar Italiya?

Tambaya: Aure ya kawo ni Brescia, a arewacin Italiya. Maƙwabciyata ta koya mini miyar niƙaƙƙen nama ta taliya da suke kira ragù, amma ta ce sai an zuba rabin kofi na jar giyar inabi, wai barasar tana tafiya a wuta. Ni Musulma ce. Me zan saya a madadinta?

Amsa: 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta faɗi abin da ta taso tana ji ne, amma barasa ba ta ƙarewa kaf a tukunya. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 30 a kan wuta kusan kashi 35 cikin ɗari yana nan, ko bayan awa biyu da rabi ma akan sami ragowar kashi 5. Don haka ki bar ta.

Abin da za ki nema shi ne aikin da giyar take yi a girkin. Jar giyar Chianti ta yankin Toskana, wadda ake yi da inabin Sangiovese, an san ta da tsami da ɗan bauri, shi ya sa mutanen can suke haɗa ta da miyar tumatir da gasasshen nama mai kitse. Barolo ta Piemonte, daga inabin Nebbiolo, ta fi bauri, har akan jiƙa naman shanu a cikinta ya kwana kafin a ɗora. Tsamin yana kashe gundurar maiƙo, baurin kuma yana ba miya nauyi a baki.

To, tsami da bauri da jan launi, duk zoɓo yana da su. A kantunan Italiya za ki same shi wajen ganyen shayi da sunan karkadè, ko a shagunan 'yan Afirka. Ki jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi, ba sukari, ba citta, ba kanumfari, ki tace. Idan naman ya soyu da albasa da karas da seleri, ki zuba rabin kofi, ki kankare gindin tukunyar da cokalin katako, ki bari ruwan ya tsotse kafin tumatir ya shiga. Sai romo, sai ƙaramar wuta na awa biyu zuwa uku. Lemon inabi na kwali ban cika son sa a nan ba, zaƙinsa yana rinjayar miya.

Ki kula da abu biyu. Tsarin ragù da aka yi wa rajista a Bologna a 1982 yana da pancetta, wato naman alade, don haka ki musanya shi da kitsen shanu. Kwalbar da aka rubuta wa dealcolato kuma, wato giyar da aka cire wa barasa, dokar Tarayyar Turai ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari.

Tambaya: Na ga khal ɗin balsamik na Modena a babban kanti a Kano. Ɗan'uwana ya ce a Italiya akwai ƙaramar kwalba da ta ninka wannan kuɗi sau da yawa. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, iri biyu ne. Mai tsadar yana ɗauke da kalmar Tradizionale da tambarin DOP, shaidar cewa an yi shi kaf a yankinsa na asali. Dafaffen ruwan inabi ne zalla, yana shekara 12 aƙalla a gangunan katako, wani ma 25, kuma a kwalbar mililita 100 kawai ake sayar da shi. Ba a dafa shi, ɗiga shi ake yi a kan cuku ko gasasshen nama. Mai tambarin IGP kuwa, wanda sharaɗinsa ya fi sauƙi, haɗi ne na ruwan inabi da khal ɗin da aka yi daga giya, kwana 60 ya isa a fitar da shi kasuwa. Batun halaccin irin wannan khal malamai sun yi saɓani a kai, sai ka tuntuɓi malaminka.

Don salak da girkin yau da kullum, na IGP ya wadatar. Ka juya kwalbar ka karanta jerin kayan haɗi: wadda ruwan inabi ya zo farko a cikinta, babu karamel, ita za ka ɗauka.