Yadda ake hasashen inda gora za ta iya rayuwa nan gaba

Ɗan'uwa daga Samaru ya tambaya yadda zai yi hasashen inda gorar daji, Oxytenanthera abyssinica, za ta iya rayuwa idan yanayi ya sauya, alhali wurare 18 kawai ya samu inda take tsirowa.

Malam, fara tace wuraren naka. Cire duk wanda aka ɗauka a lambu ko gida, don yawanci wani nau'in gora ne daban, Bambusa vulgaris, da aka dasa, ban ruwa ke riƙe da ita. Ka ƙara da bayanan GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya a intanet, da na ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a kowane murabba'in kilomita ɗaya ka bar wuri guda.

Sai ka sauko da WorldClim 2.1, rumbun bayanan yanayin duniya mai ma'aunan yanayi 19 na 1970 zuwa 2000. Kada ka zuba su duka cikin MaxEnt, manhajar da ke hasashen inda halitta za ta iya rayuwa. Da wurare 18, ma'auni uku ko huɗu sun isa. Duk ma'auni biyun da dangantakarsu ta lissafi (correlation) ta wuce 0.7, ka jefar da ɗaya. A yanayi irin na Zariya mai dogon rani, riƙe BIO15 (bambancin ruwan sama tsakanin watanni) da BIO17 (ruwan watanni ukun da suka fi bushewa). Wajen gwaji, cire wuri ɗaya kowane zagaye, ka ga ko manhajar ta gano shi.

Don 2041 zuwa 2060, gwada SSP2-4.5 da SSP5-8.5, wato hasashen matsakaicin hayaƙi mai ɗumama duniya da na mai yawa sosai, da samfuran yanayi akalla uku, saboda samfuran sun saɓa sosai kan ruwan Yammacin Afirka.

Inda aka fi tuntuɓe: taswira ta nuna sabon wuri, a ɗauka gora za ta kai can. Tana shekaru masu yawa kafin ta yi fure, yaɗuwarta ta saiwa ce, kuma noma da gobarar daji na tare mata hanya.