Amsa: Me ya sa suna ɗaya yake fito da kiɗan rawa iri-iri?

Ɗan'uwa, ka ce ka nemi kiɗan da ake kira garage sai aka kawo maka kiɗa biyu da ba su yi kama ba. Kowanne na ƙasarsa ne. A Amurka sunan ya fito daga Paradise Garage, gidan rawa na New York da aka rufe a 1987, kuma kiɗan nau'in house ne, wato kiɗan rawa na na'ura, mai murya irin ta mawaƙan soul, bugunsa a miƙe. Na Landan ya taso a shekarun 1990, ya fi sauri, wajen bugu 130 zuwa 135 a minti, kuma salonsa da ake kira 2-step yana tsallake bugu. Idan ka kunna su tare ba ka daidaita gudu ba, gangunan za su yi karo.

Sunan hardcore ya fi rikitarwa. A Holan gabber ake nufi, wato kiɗa mai tsananin sauri na birnin Rotterdam, bugu 160 zuwa sama a minti. A Ingila ta farkon shekarun 1990 breakbeat ne, wato kiɗa mai karyayyen bugun ganga. Ba'amurke kuwa yawanci punk, wani nau'in kiɗan rock mai jita, zai ɗauka.

Haka ma kiɗan dubstep: na kudancin Landan kaurin sauti ne (bass) mai zurfi a bugu 140 a minti, wanda ya yi tashe a Amurka kuma hayaniya ce, ni dai ban ɗauke su abu ɗaya ba.

Kafin ka sauke waƙa, duba gudunta da shekarar da ta fita da garin kamfanin da ya fitar da ita.