Me Ya Sa Kifin Bas Yake Bin Koton Roba Amma Ya Ƙi Kamawa?

Tambaya: Malam, ina kamun kifi da fatsa, kuma ina amfani da koton roba da na ƙarfe, irin waɗanda ake jefawa nesa a riƙa janyowa. Sau da yawa nakan hangi kifin bas yana bin koton har kusa da gaɓa, sannan ya juya abinsa. Amma ranar da zarena ya sarƙe na dakata ina warwarewa, a lokacin ne ya kama. Ina dalilin haka? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam mai tambaya, abin da ya faru da kai ranar da zarenka ya sarƙe ba sa'a ba ce kawai, halin kifin ne ya bayyana. Bas, wanda asalinsa koguna da tafkunan nahiyar Amurka ta Arewa ne kafin a kai shi ƙasashe irin su Japan da Afirka ta Kudu, mafarauci ne mai kwanton ɓauna. Yakan laɓe a cikin ciyayin ruwa, ko gindin kututture, ko inuwar dutse, yana jiran ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta, kuma ba ya son ɓarnatar da ƙarfinsa a kan abin da zai tsere masa.

Koton da ake ja da gudu iri ɗaya, ba tsayawa ba karkata, yana kama da lafiyayyen kifi mai tafiyarsa, saboda haka bas yakan bi shi yana dubawa, ya sami isasshen lokacin da zai gane cewa akwai abin da bai yi daidai ba. Da zarar koton ya tsaya, ko ya fara nitsewa a hankali, ko ya zabura ba zato, sai ya koma kamar abin da ya ji rauni ko kuma yake shirin kuɓucewa, kuma a wannan ɗan lokacin ne kifin yake yanke shawara. Yakan wage baki ya zuƙo ruwa da koton gaba ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa guda, idan kuma ya ji abin ba nama ba ne ya tofar da shi da irin wannan hanzarin. Shi ya sa da yawa daga cikin kamun da ake yi sa'ad da koto yake nitsewa ba a jin su a hannu, sai dai mai lura ya ga zaren ya motsa ko ya yi sako-sako.

Ba da ido kaɗai yake gane motsi ba. Akwai wani layi da ya bi gefen jikinsa daga bayan kai har wutsiya, mai ɗauke da ƙananan gaɓoɓin da suke jin girgizar ruwa daga kusa, ga kuma kunne a cikin kansa mai jin sauti. A ruwa mai laka ko da dare, koto mai faifan ƙarfe da yake juyawa, ko mai 'yan ƙwallaye a ciki da suke kaɗawa, ya fi jawo hankalinsa. A ruwa garau kuwa ido ne yake jagora, kuma yawan ƙara yana iya korarsa. Batun launi, wanda masu sayar da koto suke yawan zuzutawa, a ganina bai kai motsi muhimmanci ba, ko da yake kifin yana bambanta ja da kore sosai.

Sai a kula da zafin ruwa, domin zafin jikin kifi yana bin na ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, bas yakan yi nauyin jiki, sai a ja koton sannu a hankali tare da tsawaita dakatawa. Idan ya haura digiri 20, yana iya bin koto mai sauri. A lokacin haihuwa kuma namijin yakan tsare gurbin ƙwai, ya kai hari ga duk abin da ya matso, ba don yunwa ba.

Shawarata ita ce, idan ka sake ganinsa yana bin koton, kada ka ci gaba da ja kamar yadda ka fara. Ka dakata na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka ɗan fizgi sandar. Idan hakan bai yi ba, ka sauya koton gaba ɗaya, musamman a tafkin da masunta suka yi yawa, domin kifin da aka taɓa kamawa aka saki yakan yi kaffa-kaffa da irin koton da ya yaudare shi a baya.