Tsakanin nishi da mita

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce kina shirin OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, kin ci karo da kalmomin groan da moan, ƙamus ya ce duk nishi ne, shi ne kike tambaya ko duk wadda kika ɗauka ta yi. A takarda kusan haka ne. A bakin mutanen Ingila kuwa, akwai sauran magana.

Groan shi ne nishin nan mai nauyi da ke tasowa daga ƙirji, irin na tsoho idan zai miƙe daga tabarma, ko na mai karaya idan an juya shi a gado. Moan ya fi shi tsawo da taushi, kamar "wayyo" da aka ja ba a buɗe baki ba. Sai dai a hirarsu ta yau da kullum, moan ya fi nufin mita da ƙorafi. A nan na sha kunya.

Satina na biyu da fara aikin kula da marasa lafiya, wata abokiyar aiki ta ce min dattijon da ke gado na 4 tun safe yake moaning. Ban tsaya tambaya ba, na ja na'urar awon jini na ruga, gabana na faɗuwa. Na tarar da shi zaune daram, tabarau a hanci, yana duba jarida. Ashe shayinsa ne ya huce, gurasar kuma ba a gasa ta yadda yake so ba. Sai da aka yi wata guda ana tsokanata da wannan gudun.

To, a wurin aiki abin ya wuce dariya. Ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974 don gane zurfin suma, yana ba da maki 2 cikin 5 a ɓangaren magana idan nishi kawai mara lafiya ke yi, babu kalma. Ma'aunin Abbey na 2004, da ake amfani da shi ga tsofaffin da ciwon mantuwa ya hana su faɗin inda ke musu zafi, shi ma da sauti yake farawa: ƙananan koke-koke, nishi, kuka, a ba da maki daga 0 zuwa 3. Wani tsohon, nishin nan ne kaɗai bakin da ya rage masa.

Shi ya sa idan ciwo nake nufi, groaning nake rubutawa a fayil, in ƙara da lokacin da ya yi da abin da ake masa, misali sa'ad da muka ɗaga ƙafarsa ta hagu. Idan na rubuta moaning kawai, mai karɓar aikin dare tana iya ɗauka mita ce ta wuce abinta. Kuma ki kula, moan yana da wata ma'anar ta tsakanin miji da mata, kada ki yi wasa da shi a gaban mutane.

Kada kuma ki jira nishi kafin ki yarda akwai ciwo. Tsofaffin nan suna da irin dauriyar iyayenmu mata a ɗakin haihuwa. Za ki tambayi tsohuwa ya jiki ta ce da sauƙi, alhali ta damƙe ƙarfen gado har yatsunta sun yi fari. Hannun nake fara kallo kafin in saurari amsar.

Ki gaishe min da Umma. Idan kin sa ranar jarrabawar ki sanar da ni.