Amsa ga 'yar'uwa mai son karatun jinya tana shekara 40

Sannu 'yar'uwa. Kin ce kina Amurka, ga yara ga aiki, kina neman yadda za ki zaɓi makarantar jinya ta matakin LPN, wato ma'aikaciyar jinya mai lasisi ta ƙaramin mataki. Batun shekaru ki cire shi a ranki.

Kafin ki biya ko sisi, ki duba ko hukumar ma'aikatan jinya ta jiharki ta amince da makarantar. In ba ta amince ba, ko kin gama ba za a bar ki ki zauna jarrabawar NCLEX-PN ba, babu ita kuwa babu lasisi. Ki kuma tambayi ɗalibansu nawa ne suka ci a zaman farko, na shekara biyu ko uku a jere, ba na bana kaɗai ba.

Inda manya suka fi shan wuya shi ne horon asibiti. Darasin aji ana samun na yamma, amma ranar horo ƙarfe 7 na safe tana iya yi miki a gefen gadon majinyaci kina auna hawan jini. Wa zai kai yara makaranta ranar? Ki karɓi jadawalin a rubuce tun yanzu, ki ji fashin kwana nawa aka yarda da shi, don a nan ba sa ɗaga ƙafa.

Karatun yakan ɗauki kamar shekara ɗaya. Ni dai na fi natsuwa da kwalejojin al'umma, kuɗinsu da sauƙi, kuma da yawansu suna da hanyar zarcewa zuwa RN, wato ma'aikaciyar jinya mai rajista, matakin da ke sama da LPN. A Kalifoniya da Tekzas LVN suke cewa maimakon LPN, kar sunan ya ruɗe ki.