Kar ka ninka masa sanamakin nan

Ɗana, na ga saƙonka tun ɗazu, hannuna ne duk garin magani shi ya sa ban amsa ba sai yanzu da na zauna. Kace mutumin da ka ba sanamaki da safe saboda taurin bayan gida ya dawo bayan awa uku yana mita wai maganin bai yi masa komai ba, kana tambaya ko ka ninka masa awon ka kuma bar shi a wuta ya daɗe ya yi kauri sosai, tunda a cewarka ai ganye ne ba ƙwayar bature ba, in bai yi amfani ba to ba zai cutar ba. Toh kar ka ƙara masa ko tsinke ɗaya. Ka ce masa ya koma gida ya yi ta shan ruwa ya jira.

Sanamaki ba a tumbi yake aiki ba, ba kuma a ƙaramin hanji ba, wucewa yake yi salin alin sai ya isa babban hanji, a can ne ƙananan halittun da ke zaune a hanjin suke warware sinadarin da ke cikinsa sannan ya fara tsikarar hanjin yana turo bayan gida. Wannan tafiyar tana cin awa 6 zuwa 12, shi ya sa kullum kake ji ina ce wa mutane su sha da dare in za su kwanta, kai kuma ka tashi ka ba shi da safe. Awa uku ai da ƙyar ya yi rabin hanya. In ka ƙara masa yanzu na farko da na biyu haɗuwa za su yi su sauka tare a tsakar dare, kuma wallahi ba zai yi maka addu'ar kirki ba.

Ni na taɓa yin wannan ɗanyen aikin da hannuna lokacin ina kamarka. Maigidana ya yi tafiya ya bar min ɗakin magani, wani dattijo ya zo da irin wannan kukan, ya sha bai ga komai ba ya dawo, ni kuma don kar ace yaron nan bai iya ba na cika hannu biyu na dafa masa har ruwan ya yi baƙi. Washegari da asuba 'ya'yansa suka buga min ƙofa. Na je na tarar da shi kwance idanu sun faɗa, harshe ya bushe kamar fata, ƙafafu na ɗaurewa, in ka tsunkuli fatar bayan hannunsa sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa, cikin kuma na ta murɗa ba abin da ya rage ya fita. Sai asibiti aka yi da shi aka yi ta ƙarin ruwa, likitan ya ce zawon ya kwashe masa wani gishirin jiki da suke kira fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, da an ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Da maigidana ya dawo ko zagina bai yi ba, turmi kawai ya nuna min, na yi wata da watanni ina daka da tankaɗe ba ya bari in auna wa kowa komai. Shi ya sa ko yau ba na barin mutum ya wuce mako yana shan sanamaki a jere, hanji sabawa yake yi, kuma wanda ya zo da ciwon ciki mai tsanani da amai ciki ya kumbura ba iska ba bayan gida, wannan ba na ba shi sam, yana iya zama hanji ne ya toshe ko afendis, ka ba shi mai turo ciki ka ƙarasa shi.

Sai wannan magana taka ta wai ganye ba ya cutarwa, ban san a bakin wa ka tsinto ta ba amma ba a nawa ba. Zaƙami ba tsiro ba ne? Ka taɓa ganin wanda ya sha shi, ƙwayar ido ta buɗe wangame, baki ya bushe, jiki zafi, yana kama abin da babu shi a iska yana hira da mutanen da ba kowa ke gani ba, wani daga nan ba ya dawowa. Kuma masifar zaƙami ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, wannan tushen daban wancan daban, ko a tushe ɗaya 'ya'yan daban ganyen daban, don haka ba wanda zai ce maka ga awonsa. Tumfafiya fa, farin ruwan nan nata in ya fantsama a ido sai mutum ya yi kwanaki yana gani hazo hazo, in kuma aka sha zuciya yake taɓawa. Zurman ma haka, man da aka tatse aka tace ana shan kaɗan don wanke ciki, amma ƙwayar in aka tauna akwai dafi a cikinta mai kisa, dafin a tunkuzar yake zama ba ya bin man. Kaga itace ɗaya, gefe magani gefe ajali.

Ɗauki alobera da kake gani a tukunya kullum. In ka yanke ganyen daga gindi kar ka yi saurin fere shi, jingina shi a tsaye a cikin kofi bakin yankan na kallon ƙasa, ka ba shi ɗan lokaci za ka ga wani ruwa rawaya mai wari yana ɗiga, wannan ɗin mai zawo ne kamar sanamaki, ɗan uwansa ne a aiki. Sai ya gama tsiyaya ka wanke, ka fere koren bayan, farin tsokan nan mai santsi na ciki shi ake shafa wa ƙaramar ƙuna da fata mai zafi. Wanda bai sani ba sai ya markaɗa duka ya ba mutum ya sha. Dogon yaro kuma, kowa ya san ganyensa ana wanka da shi don ƙaiƙayi da ƙuraje, reshensa a yi asuwaki, amma man 'ya'yansa kar ka kuskura ya shiga bakin jariri, a Indiya da Maleshiya likitoci sun ga jarirai da aka ɗura wa man suka kama amai da jijjiga, wasu suka rasu. Zogale ganyensa lafiya lau, saiwarsa da ɓawon saiwar kuwa ba na ba mai ciki.

Akwai wani likita a Ingila, William Withering, da ya samu labarin wani haɗin gargajiya na masu kumburin jiki, ganyaye da yawa a ciki, ya zauna ya gano guda ɗaya ne ke aikin, wani tsiro mai fure da ake kira dijitalis. Abin da ya burge ni da shi ba ganowar ba ce, a'a wajen shekara goma ya yi yana neman awo kawai kafin ya rubuta abin da ya gani a 1785. Ya tsayar da lokacin tsinkar ganyen, daf da fure zai buɗe, ya shanya ya daka ya mai da shi gari don kowane awo ya zo daidai da na jiya, ya kuma ce da zarar ka ga ya taɓa fitsari ko bugun jini ko ciki to ka tsaya. Har yau ana yin maganin zuciya daga wannan tsiron, kuma har yau tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa siririya ce ƙwarai. Shekara goma a kan ganye ɗaya, kai kuma awa uku ta gagare ka.

Zancen daɗewa a wuta kuma, wannan kuskure ne da masu koyo ke yawan yi, suna ɗauka in ruwa ya yi baƙi ya yi ɗaci har ya ɗaure harshe to magani ya ji. Ɗaci ɗaci ne kawai. Kowane abu da irin hannun da yake so. Sassaƙe da saiwa da abu mai tauri, irin su maɗaci da marke da 'ya'yan bagaruwa, su ne ke son tafasa don ba sa sakin abin da ke cikinsu da sauƙi, bagaruwar ma abin da ke sa ta jeme fata shi ne ke sa ta ɗaure dasashi mai jini in an kuskure baki da ita, shi ne kuma zai ɗaure maka ciki tamau in ka zarce. Amma ganye mai laushi da abu mai ƙamshi, na'a-na'a ko kanumfari ko citta, ruwan zafi za ka zuba ka rufe da murfi, don wannan ƙamshin da kake ji ya cika ɗaki maganin ne ke gudu. Tafarnuwa kuwa sai an daka ta ko an yanka sannan sinadarinta mai ƙarfin ke haɗuwa, ka jefa ta wuta da ɓawonta ka kashe abin tun bai samu ba, kuma kar ka bari wani ya ɗaure ɗanyarta a kan fata ya kwana, ƙonewa take yi har da ƙyanƙyasa ruwa.

Babban misali shi ne irin tazargaden ƙasar Sin. Masu bincike a can sun yi ta dafa shi suna gwadawa a kan maleriya sakamakon yau ya yi gobe bai yi ba, sai wata mata cikinsu, Tu Youyou, ta koma wani tsohon rubutun likitancinsu na sama da shekara 1,600, ta ga an ce a jiƙa ganyen cikin ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba. Nan ta gane zafi ne ke lalata shi, ta canza hanya ta cire sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, daga nan aka samu atemisinin da ke cikin maganin maleriyar da duniya ke sha yanzu, ita kuma aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma kar kaji haka gobe ka fara jiƙa wa masu zazzaɓi tazargade kana cewa ka samu lasisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da jiƙon ganyen ba, dalilin kuwa ni ma na yarda da shi, ƙarfin ganyen ba ya zuwa ɗaya, sai ka raunata cutar ba ka kashe ta ba, ta dawo ta saba da maganin. Mai zazzaɓi, musamman yaro da mai ciki, gwaji zai je a yi masa.

Tunda mun zo nan bari in ƙara maka wanda ba ka tambaya ba. Kafin awo ma sai ka tabbata abin da ke hannunka shi ne. A Beljiyam farkon shekarun 1990 wani wurin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin da ke da saiwoyin Sin, ashe an musanya wata saiwa da wata saboda sunayensu sun yi kama a yarensu, wadda aka saka ɗin dangin duman dutse ce. Mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya kansar mafitsara ta biyo. Garin gyaran gira aka rasa ido. Shi ya sa kake ganin ba na karɓar garin da ban ga itacensa ba, gari duk gari ne a ido, ko ni ba zan rantse maka ba. In aka kawo maka sassaƙe karya shi ka duba cikin, ka shinshina, ka ɗan lasa ka tofar in ka san ba mai dafi ba ne. Ganye a inuwa ake shanya shi inda iska ke wucewa, in ya bushe daidai yana nan kore kuma ka murza ya yi ƙaras, in ya yi baƙi ko ya lanƙwashe bai karye ba to da sauran danshi, kar ka ƙulle shi a leda. Wanda ya yi funfuna zubarwa ake yi, ba a kakkaɓewa a sake shanyawa, dafin funfuna hanta yake ci kuma tafasa ba ta kashe shi. Kasan wafarin, ƙwayar nan ta tsinka jini? Asalin gano ta daga ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta riƙa sa shanu zubar jini har su mutu a Amurka da Kanada a shekarun 1920, funfuna ce ta juya abin da ke cikin ciyawar.

Kuma na san ba ka tambayi mutumin naka ko yana shan wata ƙwaya ba, don da ka tambaya da ka faɗa min. Mai shan wafarin ba a cika masa tafarnuwa, mai shan maganin suga in ka haɗa masa da hulba sugan na iya faɗuwa ƙasa ya yi ta gumi da karkarwa, mai maganin hawan jini in yana ɗirkar soɓorodo mai kauri sai jiri ya kama shi in ya miƙe, mai shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari ko ta zuciya kuwa shi ne sanamaki ya fi yi wa illa saboda fotasiyam ɗin nan da na faɗa maka. Kira shi yanzu ka tambaye shi wannan, ka tambayi shekarunsa da kwana nawa ya yi bai zaga ba, da ko akwai jini ko yana rama. In akwai jini ko rama ba namu ba ne, ka tura shi asibiti. In babu, ya jira zuwa dare.

Gobe ka zo da wuri, ka taho da buhun sabarar nan da ka ajiye a bayan ƙofa, tun shekaranjiya nake jin warinsa bai yi min ba, za mu zazzage shi mu gani.