Tinubu ya faɗi a Legas, ta yaya ya zama shugaban ƙasa?

Malam, ka tambaya yadda wanda ya sha kaye a gidansa ya hau mulki. Mu ma a Agege mun sha wannan musun a majalisa.

Gaskiya ne, a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu 572,606. Amma ba jiha ɗaya ake dubawa ba. Tsarin mulki na buƙatar rinjayen ƙuri'u a faɗin ƙasa, da kashi 25 cikin ɗari a aƙalla jihohi 24. Tinubu ya tara 8,794,726, Atiku na biye da 6,984,520.

Abin mamakin ma, a ranar dai jam'iyyarsa ta APC ta kwashe kujerun sanatocin Legas uku duka.